Kafaɗar Ƙarfe da Matar Ɗana

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, 'yan'uwana na zumuntar mata, salamar Ubangiji ta zauna tare da ku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Saratu, amma a unguwarmu Maman Bitrus mai injin niƙa ake ce mini. A nan Daura na yi aure, a nan na binne mijina, da injin nan kuma na ciyar da 'ya'yana. Tun da na miƙe na lura hannuna na dama wasunku ke kallo. Ku kalla, ba komai, saboda shi na fito.

Bara waccan ana gab da girbi, ina zuba gero a inji, bel ya kama bakin mayafina ya fizge ni. Na ji kafaɗata ta yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Aka kai ni wurin wani mai ɗori a Baure. Bawan Allah ya yi iya ƙoƙarinsa, amma wata da watanni hannun yana lilo a jikina kamar na aro. Ko loma ba na iya kaiwa baki da shi. Barci ma a zaune nake yi.

Matar ɗana Bitrus, Ngozi, ita ta dage sai an kai ni babban asibiti a Kano. Iyayenta mutanen kudu ne, mahaifinta kayan gyaran babura yake sayarwa, amma ita haifaffiyar garin nan ce, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Likita ya duba hoto ya ce kan ƙashin ya farfashe, ba zai haɗu ba, sai dai a cire a sa na ƙarfe. Aka yi aikin, aka rataye mini hannu a wuya, muka dawo gida.

'Yan'uwa, ni a zatona ranar da aka cire ratayar nan zan koma bakin inji. Da ranar ta zo na tsaya gaban madubi, sai na ga kafaɗar ba tawa ba ce. Ta lotsa, ba ta yi daidai da 'yar'uwarta ba. Idan na motsa sai in ji wani ƙas a ciki. Hannun yana ɗan ɗaguwa ta gaba, amma ta baya ko kusa. Ban iya kai shi ƙuguna ba, balle in ɗaura zani yadda na saba tun ina budurwa.

A kwanakin ne wata ƙawata ta zo dubiya. Ba zan kama suna ba, don mai yiwuwa tana nan zaune. Ta jira har Ngozi ta fita, ta matso ta rage murya.

"Maman Bitrus, ƙashin naki da suka cire, sun ba ki kayanki?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To."

Ta miƙe ta tafi. Amma wannan "to" ɗin ya fi ciwon kafaɗar cizo.

Daga ranar na sa wa Ngozi ido. Na tuna a asibiti da Turanci take magana da likita, wani lokaci har su koma gefe. Me suke ɓoyewa? Na tuna ita ta fi kowa matsawa a yi aikin. Don me? Ina kwance a ɗaki in ji injina yana kuka a waje, ita ce a kai, mata suna kiran sunanta ba nawa ba. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza, yarinyar nan ta gaje ni tun ina numfashi.

Ga kuma motsa hannun da likitar gashin ƙashi ta koya mata. Kullum safe sai ta zo ta ce in sunkuya in saki hannun yana lilo kamar guga a rijiya. Ta ce in tsaya gaban bango in riƙa hawa da yatsuna kamar ƙadangare. Ta rataya igiya a reshen darbejiyar tsakar gida, in kama da hannu biyu, mai lafiyar yana jan mara lafiyar sama. Azaba ce, 'yan'uwa. Hawaye na zuba, ita kuwa tana cewa, "Mama, ƙara kaɗan." Na ce lallai daɗi take ji.

Duk inda yatsuna suka tsaya a bango sai ta ja layi da gawayi. Ni kuwa na dubi layukan nan baƙaƙe a jere a bangon ɗakina, na ce wannan ba awo ba ne, wani abu ne ake ƙullawa. Ta tafi kasuwa na jiƙa tsumma na goge su tas. Abincin da ta kawo mini sai na fara gutsura wa kaji, in zauna in ga ko za su faɗi. Ni da nake rera waƙa a zumunta, ni ce nake gwada tuwon matar ɗana a kan kaza.

Na kira Bitrus na faɗa masa abin da nake gani. Ya ce, "Mama, ki ji tsoron Allah." Na ce shi ke nan, shi ma an shanye shi.

Sai na daina motsa hannun. In ta zo da igiya in ce zazzaɓi nake ji, ko in ce na riga na yi. Hannun da ya fara kaiwa haɓata ya koma ko ƙirji ba ya kaiwa. Ya sandare. Maimakon in ga laifina, sai na ce ga shi nan, abin da suka shuka ya fara tsiro.

Da muka koma Kano dubawa, na ce wa likita yau da Hausa za a yi, kuma da ni za a yi. Na tambaye shi kai tsaye, "Likita, ina ƙashina?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Mama, abin da muka cire ɓaraguzai ne, an zubar da shi yadda asibiti ke zubar da irinsa." Ya ɗaga hoton ya nuna mini. Ya ce jijiyoyin da ke juya kafaɗata sun yage tun ranar haɗarin, don haka suka juya gaɓar, ƙwallon ya koma inda ramin yake, ramin ya koma inda ƙwallon yake. Yanzu tsokar da ke saman dantse ce za ta riƙa ɗaga hannun, kuma sai an koya mata aikin. Ya ce gaba da sama za su samu idan na dage. Baya kuwa, wataƙila ba zai taɓa dawowa kamar da ba. "Amma idan kika ci gaba da ajiye shi, zai kulle a inda yake, kuma ba ni da abin da zan yi miki."

Kun san abin da na ce a raina? Na ce duk bakinsu ɗaya.

Bayan mun dawo, wata la'asar Ngozi ta fito da igiyar. A lokacin cikinta na fari ya tsufa, da ƙyar take tafiya. Na kasa daurewa, na ce, "Ke wai me kike nema da hannun nan nawa? Faɗa mini yau."

Ta tsaya tana kallona. Sai ta kifa turmi ta zauna a kai, igiyar a cinyarta.

Ta ce, "Mama, na ga kin goge layukan. Na ga kina ba kaji abincina. Ban faɗa wa kowa ba." Ta share ido da bakin zani. "A wurinmu idan mace ta haihu, uwarta ce take zuwa ta yi mata wankan jego, ta yi wa jariri wanka. Tawa ta rasu ina ƙarama. Ni ke nake da ita. In hannun nan bai tashi ba, wa zai riƙe mini ɗan?"

Na shiga ɗaki na durƙusa a bakin gado. Na so in ɗaga hannuwa sama yadda muke yi a sujada, ɗaya ya tashi, ɗaya ya ƙi. A haka na yi addu'ar, da hannu ɗaya. Na ce, "Ya Yesu, likitoci sun canza mini kafaɗa, amma ba su da wuƙar da za ta kai inda ciwona yake. Na ga mugunta a inda Ka ajiye mini alheri. Ka cire mini wannan zargi, ya fi ƙarfina." Na yi kuka har na gaji. Ban ga wani haske ba, ban ji murya ba. Abin da na sani shi ne, na tashi ƙirjina sakayau, kamar an sauke mini buhu.

Na fito na same ta inda na bar ta. Na ce, "'Yata, ki yafe mini. Rataya igiyar."

Ciwon bai ragu don na tuba ba, ya ma ƙaru, don hannun ya riga ya yi tsami. Amma yanzu in ta ce ƙara kaɗan, sai in ƙara. Sannu a hankali na kai loma baki. Na shafa fuskata. Ranar da na ɗaura ɗankwali da hannu biyu, sai da muka tsayar da inji muka yi waƙa a tsakar gida. Yabo ga Ubangiji!

Ngozi ta haifi 'ya mace. Ni na yi wa jikata wankan farko, da hannun nan.

Ba zan yi muku ƙarya a gaban bagade ba. Ku duba, sama yana kaiwa har nan, ya ɗan wuce kaina. Gefe yana zuwa. Amma baya, ga iyakarsa, ko tsakiyar ƙugu ba ya kaiwa. Buhu kuwa likita ya hana ni ɗauka har abada, don haka injin yana hannun Ngozi, da yardata. Har yau in na motsa wani lokaci ina jin ƙas ɗin nan. Kuma zargi, ku sani, ba ya mutuwa rana ɗaya. Yakan leƙo, in kore shi da sunan Yesu.

Abin da ya fi damuna shi ne goyo. Mace ba ta goya ɗa sai hannunta ya zagaya baya, ni kuwa nawa ba ya zuwa. Na zauna ina kallon jikata ina cewa ashe ba zan taɓa jin ɗuminta a bayana ba. Ngozi ta ce, "Mama, juya." Na juya mata baya na sunkuya. Ta ɗora mini yarinyar, ta zagayo da zanin ta miƙo mini bakinsa ta gaba, na ɗaure da kaina. Haka muke yi kullum. Haka muka yi yau da safe, kuma a bayana yarinyar ta shigo wannan majami'a.

Na gode wa Allah da Ya ba likitoci hikima. Na gode Masa da Ya ba ni 'ya a lokacin da nake ganin maƙiyiya. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana cikin ciwo kuma zuciyarka ta fara nuna maka masu kula da kai da yatsa, kada ka biye mata, kai ta gaban Yesu tun ba ta raba ka da su ba. Ka dogara gare Shi. Ba lallai Ya mayar maka da komai yadda yake a da ba, amma inda hannunka ya kasa kaiwa, ba zai bar ka babu mai taimako ba.

Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa har abada. Amin.