Akwatin Laminu da Gorar Ya Bawa

Mai girma shugaban taro, Mai Unguwar Jekadafari, malam liman, 'yan sintiri masu hana ido barci, iyayena mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum. Na gode da kuka miƙa wa direban akori-kura lasifika, alhali ga masu digiri a zaune.

An tara mu ne a yanke shawara ko a miƙa Laminu ga jami'an tsaro, don an gan shi da akwati mai wayoyi, yana zane-zane, kuma daga Borno ya gudo. Tsoro ba laifi ba ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Amma ku ji abin da idona ya gani safiyar Talata.

Na farko, ni na kai shi madatsar ruwa ta Dadin Kowa, muka shiga kwalekwalen Ya Bawa, tsohon masuncin Baga. Laminu ya zura akwatin a ruwa, ya ce ƙara yake aikawa ƙasa, in ta dawo ya faɗi zurfin wurin. Karatunsa ke nan, taswirar ƙarƙashin teku, don jirage su san hanya, masu shimfiɗa bututu su san kwari da tudu. Na ce, "Mu da muke sayen ruwa a jarka, kai teku ka karanto?" Ya ce aiki na jiransa a Legas, hannu yake gwadawa.

Na biyu, Ya Bawa ya ce shekara arba'in gorar tuƙa kwalekwale ce ma'auninsa, kuma a Tafkin Chadi ba ta taɓa kasa taɓo ƙasa ba. Laminu ya ce, "Baba, nan fa gaba goma sha biyu ne." Tsoho ya ce, "Yaro, akwatinka maƙaryaci ne." Ya soka gora, ya jingina da duk nauyinsa yadda ya saba. Gora ta tafi, Ya Bawa ya bi ta. Laminu ya faɗa ruwa da takalmansa da takardunsa a aljihu, ya tsamo shi. Tsoho ya tofar da ruwa, ya huta, sannan ya ce, "Sha uku ne."

Na uku, jama'a, wanda ya zo hallaka mutane ba ya jiƙa takardunsa don ceton tsoho. Ku bar shi ya kama hanyar Legas, kada zato ya cinye karatunsa.

Allah ya kashe wutar fitina, ya mai da kowa gidansa, ya tsare Gombe. In kun ce ni jahili ne, Isaiah mai gadin madatsa ya gani, Kadijatu mai soya kifi ta gani, ga kuma Ya Bawa can a sahun gaba, yana ta sunkuyar da kai. Na gode.