Littafin da Ƙanwata Ba Ta Gani Ba

A rumfar mai sayar da littattafai, wata mata tana ta jujjuya su.

"Malam, ba ni wanda ya dace da 'yar shekara sha biyar. Amma sabo fil, wanda ƙanwata ba ta taɓa gani ba."

"Baiwar Allah, ina zan san abin da ƙanwarki ta gani? Ga tsofaffi ma, yara na son su."

"Tsofaffi? Na ba 'yata wanda na karanta ina budurwa, ta tokare taga da shi! Ƙanwata ta kawo mata irinsa sak, kwana biyu ta gama. Har ta zo tana ce mini, 'Mama, ya kamata ki karanta wannan.' Ni!"

"To, sayi wannan, ki ba ƙanwar taki ta miƙa mata."

"In saya, a gode wa wata?"

"So kike ta karanta, ko so kike ta gode?"

Matar ta miƙa masa littafin.

"Naɗe shi. Ara mini biro kuma, in rubuta sunana a shafin ƙarshe. In ta kai can, ta san wadda ta saya."