Miyar Kifin Gidan Tveit

A tashar bas ta bakin ruwa a birnin Bergen, wata tsohuwa da wani dattijo suna kallon gidan cin kifi na iyalin Tveit da aka garƙame.

"Shekara ɗari da ashirin a ginin katakon nan!" in ji ta. "Har bikin kakata nan aka ci."

"An ce ginin ke nutsewa."

"Wane gini, bawan Allah! Miyar ce ta lalace. Gishiri zalla, duk muka gudu."

Dattijon ya juyo gare ta. "Tun da na yi jinya harshena ya daina jin ɗanɗano. Na ɗauka hannuna ya haddace girkin babana."

"Wayyo! Kai ne Tveit?"

"Kullum daga kicin nakan aika a tambaye ku. Kowa sai ya ce ta yi daɗi."

"Kunyarka muka ji," ta ce a hankali.