Akwatin da Ya Dawo Kan Amalanke

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da 'yan uwansa annabawa baki ɗaya.

Shugaban wannan zama, Malam Zainulabideen, Allah ya ƙara girma. Malamanmu da suka baro darasi suka zauna da mu. Iyayenmu 'yan Sudan, musamman uwarmu Hajiya Bakhita. 'Yan uwana ɗalibai maza da mata, na unguwar Faisal da na Giza a nan Alƙahira, waɗanda rabon da in gan su ƙarƙashin rufi ɗaya har na manta. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Sunana Nata'ala, ɗalibin tafsiri. Ina godiya ga shugaba da ya ce in yi magana kan Tabutu, akwatin Banu Isra'ila. Na san abin da ya sa ya zaɓe ni, ku ma kun sani, shi ya sa nake jiyo dariya daga can baya. Wanda ya ɓatar da akwati shi aka tsayar ya yi bayanin akwati. Na karɓa, ba komai.

Da farko, mene ne Tabutu? Malamai sun ce akwati ne na katako da aka dalaye da zinariya, ana ɗaukarsa da sanduna a kafaɗa. A cikinsa akwai ragowar abin da gidan Annabi Musa da gidan Annabi Haruna suka bari: gutsattsarin alluna, da sanda, da tufafi. In sun tashi yana gaba, in sun sauka yana tsakiya, in tsoro ya kama su a fagen fama suka dube shi, sai zukata su kwanta. Wannan ita ce sakina, natsuwa daga Ubangiji. Katako ba ya ba da natsuwa, zinariya ba ta ba da natsuwa. Allah ne yake saukar da ita ga mutanen da suka riƙe alkawarinsa.

Mu ma muna da akwati. Astagfirullah, ban haɗa su ba, ina rijiya ina teku? Namu na ƙarfe ne, fentinsa duk ya ɓare. Amma tun zamanin yayyenmu, duk ɗalibin da ya gama zai koma gida sai ya rubuta sunansa da garinsu da ajami a cikin murfin, ya bar wani abu: littafin darasinsa na hannu, ko wasiƙa ga masu zuwa. Har carbin marigayi Malam Ayuba yana ciki, wanda ya zo karatu ƙasar nan ta riƙe shi. Sabon zuwa in kewar gida ta kama shi, a buɗe masa, ya ga wani ɗan garinsu ya riga shi, ya sha wuya, ya kuma gama.

Na biyu, yaya aka rasa Tabutu? Banu Isra'ila suka saki alkawari, suka rarrabu, abokan gaba suka ɗauke shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu bangonmu zaɓen ƙungiyar ɗalibai ne ya tsaga shi, tsakanina da ɗan uwana Ukasha. Ranar da za mu tashi daga tsohon gidan haya, na ce akwati a Faisal zai zauna, Ukasha ya ce sai Giza. Muka sauko da shi, muka ajiye a bakin titi, muka koma sama don mu ƙarasa musu. Ni na ce a bar shi nan. Tunanin gida na yi, inda kayan da ke ƙofa amanar maƙwabta ne. Na manta a Alƙahira abin da aka ajiye a bakin titi an yafe shi ke nan. Mai rubabikiya, mai amalanken nan da ke yawon kwasar tarkace, ya zo wucewa, mai gadin gini ma har taya shi ɗorawa ya yi. Da muka sauko, abin da muka samu wurin mai gadi kalma ɗaya ce: "Ma'alish," wato a yi haƙuri.

Wata goma sha huɗu muka yi, kowa da taronsa, kowa da tukunyar Sallarsa. In na hango Ukasha a metro, jirgin ƙasan cikin gari, sai in sauya ƙofa. Na yi ta gaya wa mutane taurin kansa ne ya ja mana, alhali na san abin da bakina ya faɗa. Wallahi abin ya ci mini rai, girman kai kuma ya hana ni buɗe baki.

Na uku, kuma nan ne daɗin yake, yaya Tabutu ya dawo? Banu Isra'ila suna jayayya kan sarautar Ɗalutu, suna cewa ba shi da dukiya, sai Allah ya sanya dawowar akwatin ta zama alamar da ta raba gardama, mala'iku na ɗauke da shi. Wasu masu tafsiri sun ce a kan amalanken shanu aka ɗora shi, mala'iku suka koro shanun. Mu ba mu kai matsayin mala'iku ba. Allah ya aiko mana Hajiya Bakhita, da jaki.

Tukunya ta je nema a kasuwar tarkace, ta tarar da akwati a buɗe, ana zare takardu ana ba masu ta'amiyya, ƙosan Masar, su yi ƙunshi. Wasu takardun sun riga sun tafi. Akwai Bamisiren da ya ci ƙosai a cikin nahawun ɗayanmu, Allah ya sa ya amfana. Ta leƙa murfin, ta ga ajami irin wanda kakanta ya koya mata, shi da ya baro Haɗeja a ƙafa da niyyar hajji ya yada zango a Sudan. Ta karanta sunan Haɗeja, ta rufe akwatin, ta zauna a kai, ta ƙi tashi sai da aka ɗora mata shi a amalanken jaki har gida.

Da na samu labari, na je da gudu in karɓa. Ta dube ni ta ce, "Ya waladi, ɗana, ba zan ba ka ba. Ukasha ma ya zo jiya na hana shi. Akwatin nan hannu biyu gare shi, kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ku tara jama'a ku ɗauka tare, in ba haka ba khalas, shi ke nan, zannuwana zan zuba a ciki."

To, jama'a, ga shi can a bakin ƙofa, ba wanda ya taɓa shi.

Ukasha, ɗan uwana, a gaban malamanmu da iyayenmu: ni na ce a bar shi a titi, ni na ɗora maka laifin da yake nawa. Ka yafe mini don Allah. Faisal ko Giza, na janye. Inda shugaba ya ce, can za mu kai shi. Ni dai ba zan iya ɗaga shi ni kaɗai ba.

Allahu akbar, ga Ukasha ya miƙe! Ku ba shi hanya. Tsaya mini, Ukasha, in rufe da addu'a, ina zuwa.

Ya Allah, ka saukar da natsuwa a zukatanmu kamar yadda ka saukar wa bayinka na farko. Ka saka wa Hajiya Bakhita da gidan Aljanna, ka jiƙan waɗanda suka riga mu, ka zaunar da ƙasar nan da ta karɓe mu lafiya, ka zaunar da ƙasashenmu lafiya, ka mayar da kowa gida da ilimi mai amfani.

Shugaba, malamai, iyaye, 'yan uwa, na gode.