Yau Uwar 'Ya'yana Za Ta Haye

Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiyarmu ta masu fito, kafintocin da suka yi wannan aiki, iyayenmu mata 'yan kasuwa, jama'ar da kuka cika bakin ruwan nan, assalamu alaikum.

Ina gode muku. Yau murna ta yi mini yawa.

Kun san kwale-kwalen nan nawa. Kun san duk wanda ya shiga, gwangwani nake miƙa masa ya taya ni kwashe ruwa. Ranar da uwar 'ya'yana ta shiga, ruwa ya kai mata idon sawu a tsakiyar kogi, ta ce mini: "Malam, kai da jirginka ku ƙarata, ni na gama." 'Yarmu ta haihu a tsallake, yaro har ya fara zama, kakarsa ba ta taɓa ɗaukarsa ba. Ni da nake hayewa da gari guda, na kasa haye da matata, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

To, me muka yi? Da farko mun jawo jirgin tudu, muka kife shi, muka bar katako ya bushe sarai, domin danƙo ba ya kama jiƙaƙƙen katako. A nan muke kuskure, 'yan'uwana masu fito: mu shafa da safe, mu tura ruwa da rana. Sannan muka kankare tsohon fenti, muka cusa auduga a kowace tsaga, muka bi da danƙon liƙi, shafi kan shafi, har ƙasan da ido ba ya gani. Ina roƙonku, ku yi wa naku haka kafin damina.

Sai gwaji. Babban kafinta ya sa muka ɗora shi kan gungume, muka zuba masa ruwa, ya ce ruwan da bai sami hanyar fita ba, ba zai sami ta shiga ba. Ba ni na duba ba. Uwar 'ya'yana ce ta durƙusa da kanta, ta bi ƙasansa da tafin hannu daga gaba har baya, ta ɗago hannun a bushe.

Ga ta can, jama'a, da ƙunshin kayan jariri a ka! Ita za ta fara shiga yau, ta je ta ga angon nata, wanda ya ƙwace mini ita tun bai yi haƙori ba.

Allah ya tsare masu hawa, ya tsare masu tuƙi, ya kai kowa gaɓa lafiya, ya mayar da ku gida lafiya. Hajiya, bismillah, ki shigo, babu gwangwani.

Na gode.