Zobe na Huɗu

A rumfar wani maƙeri cikin kasuwar Tahoua, Ashiru na jiran a zo kansa, rungume da sandarsa ta wasan biliya. Wani tsoho makiyayi daga Tebaram ya ƙura mata ido.

"Samari, wagga sanda mi kaka kora da ita? Ko akuya ba ta jin ta."

"Ƙwallo nika bugu da ita bisa tebur, Baba. Zoben bakinta na zo a canza mini. Shi ka hana iccen tsagewa."

"To wanga na tagulla mi ya yi maka?"

"Nauyi gare shi. In na bugi ƙwallo ta gefe, sai ta kauce. Na roba kuwa laushi, ba ka jin bugun a hannu. Na ƙashi ya fashe ran Juma'a. Yanzu na ƙahon saniya nika so."

"Zobe huɗu ke nan! Wa ka cinye ka haka?"

Ashiru ya sosa ƙeya. "Wani tela ne, Abdurazak. Wata bakwai ban ci shi ba. Asabar za mu sake karawa, duk unguwa za ta zo kallo."

"Shi wane irin zobe gare shi?"

"Shi ko sanda ba shi da ita. Ta gidan wasan yaka ɗauka, wata karkatacciya, zoben ma ya fita."

Tsoho ya yi dariya har rawaninsa ya goce, sannan ya leƙa wajen maƙeri.

"Maigida, bar sandar ga ta huta, ba ta da laifi. Auna hannun yaron ga, shi ka son zobe."