Ramukan da Muka Bari a Buɗe

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, 'yan'uwa na ikilisiyar gida. Ni ne Ishaku, wanda kuka sani da taurin kai tun muna ajin baftisma. Daga Jidda nake rubuto muku, inda nake dako a sito na tashar jiragen ruwa. Nan babu ƙararrawar sujada, don haka ku karanta wannan a madadina ranar Lahadi.

Kun san ni da ƙanena Bitrus mun tafi kurmin Gana haƙar zinariya, kun kuma san ni kaɗai na fito.

Mahaƙa suna da wata al'ada: ba a cike rami. Wai duk wanda ya mayar da ƙasa cikin raminsa ya binne arzikinsa. Mu da muka je da Littafi Mai Tsarki a jaka, muka riƙe wannan magana fiye da Littafin. In rami ya ƙare sai mu matsa gaba mu buɗe wani. Ruwan sama ya cika na baya, ya kwanta kore shar, sauro ya samu gida. A bakin ramukan muke kwana, don kada a kwashe mana tsakuwar zinariya.

Wata tsohuwa daga ƙauyen da muka tarar a dajin ta zo mana da kanta. Ta ce tun da muka zo yaransu ke mutuwa da zafin jiki, mu rufe ramukan. Muka yi mata dariya. Ta dube mu ta ce ramin da aka bari a buɗe yana bin mai shi duk inda ya je.

Bitrus ya kwanta a damina. Haƙoransa na kaɗawa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Na lulluɓe shi da buhu, na rungume shi, yana ta cewa, “Yaya, rufe ni, sanyi.” A hannuna ya cika.

Na gudu bakin teku, na samu aiki a jirgin kaya, jirgin ya sauke ni nan. Na ga gari ba daji, ba damina, na ce na tsira.

Sai wata rana da tsakar rana, ana zafin da takalmi ke maƙalewa a kwalta, sanyi ya kama ni a cikin sito. Na ji haƙora na kaɗawa, na waiga ina neman Bitrus. Ashe nawa ne.

Ya sake ni, ya dawo, ya sake dawowa. Duk sa'ad da ya kama ni sai in ga koren ruwan nan a ƙasan ɗakina a unguwar Sharafiyya, da yaran ƙauyen tsaye a bakinsa. Na ƙi zuwa asibiti. A raina maganar tsohuwa ce ta cika, kuma allura ba ta korar rami. Na ji tsoro, 'yan'uwa, tsoron mutuwa nan a binne ni ba mai kiran sunan Yesu a kaina.

Ran da ya fi tsanani na kasa durƙusawa, sai na kife a tabarma. Na ce, “Yesu, ramukan sun fi ƙarfina. In bina suke, ka tsaya tsakanina da su.” Ban ƙara ko kalma ba, amma yaran suka gushe, ɗakin ya koma ɗaki.

Ban ɗaga kai ba sai maƙwabcina Ammu Sale ya turo ƙofa. Musulmi ne haifaffen Jidda, kakanninsa mahajjata ne daga ƙasarmu.

“Ya Ishaku, kai majanuni ne? Bargo a wannan zafi? Yalla, tashi, mustashfa.”

“Ammu, wannan ba ciwon asibiti ba ne.”

“Halas, ya isa, ka faɗa wa likita haka da bakinka.”

Shi ya goya ni zuwa mota. Likita ya duba jinina ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, irin wanda ke ɓuya a hanta ya tashi bayan an manta da shi. Ya ba ni magani na shanye. Tun daga nan sanyin bai dawo ba. Yabo ga Ubangiji!

Yanzu a sito ba na wuce gangar ruwa a buɗe ban rufe ta ba. Abokan aiki na kirana mai gadin ganga, ni kuwa ban damu ba.

Na ji samarinmu na shirin tafiya kurmi. Ku gaya musu su dogara ga Yesu, su nemi magani da wuri, su mayar da ƙasa inda suka ɗebe ta. A duk zamanmu a dajin nan rami ɗaya tak na cike da hannuna, shi ne wanda na sa Bitrus a ciki.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai in faɗa muku. Ku riƙe shi, ba ya sakin nasa. Amin.